Ƙeyar da Abdulbaƙi Bai Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya taɓa zama a Agege a 'yan shekarun nan ya san bangon gidan wankan Alhaji Ɗahiru. Ba wai kyau gare shi ba. Bango ne dogo, gindinsa ya yi kore don laima, yana fuskantar babbar kwatar da ta raba unguwar biyu. Abin da ya fito da sunansa, a jikinsa Abdulbaƙi yake zane. Shi kuwa Abdulbaƙi, in ka neme shi da sunan yanka sai a tsaya ana 'yan tunane-tunane, amma kana cewa Mai Ƙeya kowa zai nuna maka hanya. Dalili kuwa, tunda yake bai taɓa zana fuskar ɗan Adam ba. Baya yake zanawa.

Mutumin Malumfashi ne. Yana saurayi ya biyo tirelar albasa yana karen mota, da niyyar ya ga teku ya koma. To ka san Legas, ba ta korar baƙo, kuma ba ta sallamarsa. Ya ƙare a Apapa, cikin layin nan na manyan motoci da ba ya motsi, inda direba zai shanya wanki a jikin madubi, ya bushe, ya saka, ya sake datti, layi bai gusa ba. Zaman banza ne ya sa ya fara taɓa fenti. Ya zana wa wani direba zaki a bayan tanka, zakin ya fi kama da tunkiya mai gemu, amma mai mota ya ji daɗi, na kusa da shi ma ya ce a yi masa. Da haka hannu ya faɗa. Mai zaman layi kuwa me yake kallo in ba baya ba? Bayan motar gaba, bayan mai alwala, bayan mai jiran shayi. Tun a can ya gane cewa fuska ta iya ƙarya, mutum zai yi maka murmushi ta ciki na ciki, amma ƙeya ba ta san ana kallonta ba.

Da ya tare a Agege, limamin masallacinsu ya ja shi gefe ya yi masa nasiha kan zana abu mai rai. Abdulbaƙi ya ce, to Allah gafarta Malam, in babu fuska fa? Liman ya shafa gemu ya ce zai duba. Har Allah ya yi masa rasuwa bai dawo da amsa ba, shi kuma Abdulbaƙi bai je tuni ba.

Zanen bango ya faro ne a wata damina da kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa baƙi ƙirin ya shiga ɗakuna har ƙarƙashin gado, amai da gudawa ta biyo baya, aka yi ta jigilar mutane asibiti a bayan baburan okada. Kansila ya zo jaje da hankici a hanci. Ya tsaya a kan katakon da aka gitta wa kwatar, ya yi alkawarin kafin wata ya mutu za a yashe ta tas. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Sai Abdulbaƙi ya nemi aron bango wurin Alhaji Ɗahiru, ya zana mutum a tsaye kan katako, ya ba jama'a baya, wuyansa ninki-ninki, hula a karkace, a ƙarƙashinsa ɓeraye sun jeru suna sara masa kamar sojoji. Bai rubuta suna ba. Ai ba a buƙata. Ranar mata masu zuwa ɗiban ruwa sai da suka ajiye jarkoki suka riƙe ciki.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Da rana yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci, abin da yake ci da iyali ke nan, in kuma wani abu ya tsaya masa a rai sai ya shafe wani gefe na bangon ya ɗora sabo. Ya zana motar kwasar shara da ta daɗe a fake har kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashinta, direban na barci ya juya baya. Ya zana sauro sanye da babbar riga yana jawabin godiya ga kwamitin tsafta. Ya zana ranar share gari, magidanta a jere kowa na tura sharar ƙofarsa zuwa ƙofar maƙwabci, na ƙarshen layi ya ɗaga hannu sama yana kai ƙara. Wanda ya fi maimaitawa shi ne na shagunan nan da ƙanin kansila ya gina a daidai bakin da kwatar ke fita zuwa babban rafi. Kowa ya san su ne suka shaƙe ta. Abdulbaƙi yakan zana su a siffar ƙaton mutum zaune daram a maƙogwaron kwata yana sakace. Matarsa Asama'u, haifaffiyar Agege wadda Yarbanci ya zauna mata a baki kamar Hausa, ita take faɗa masa abin da zai rubuta a ƙasa don maƙwabta Yarbawa su ma su samu nasu rabon dariyar.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? To, kaɗan. In ya zana ƙaramin mutum, mahauci mai zuba tumbi a kwata ko mai wankin babur, kunya takan kama shi ya gyara na 'yan kwanaki. In ya zana manya, sai su zo da kansu su tsaya a gaban bango a ɗauke su hoto da waya. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Gemunsa ya yi furfura, gwiwa ta fara ƙara in zai hau tsani, kwata tana nan inda take da ledojinta da robobinta. Wani lokaci yakan tsaya da buroshi a hannu ya rasa me zai zana, domin duk abin da ya zo masa ya taɓa zana shi, sai dai ya ƙara wa mutanen ciki tumbi. Dariyar ma ta canza. Da can mutane kan yi dariya su fusata, yanzu sai su yi dariya su wuce.

Akwai abu guda da ya kamata a sani game da shi. Duk da daɗewarsa a Legas, Abdulbaƙi bai saki surukuta irin ta gida ba. Uwar Asama'u, Inna Azumi, waina take toyawa a bakin wani lungu can gefen unguwar, sana'ar da ta riƙe ta tun rasuwar mijinta, kuma ba ta yarda wani ya ciyar da ita tana da hannu. Tun ranar da aka ɗaura aure Abdulbaƙi ya haramta wa kansa wannan lungu. Ya gwammace ya zagaya ta bakin titi, ya sha hayaƙin motocin haya na danfo, da ya bi ta gaban rumfarta. In gaisuwa ta kama, ranar salla ko rashin lafiya, tun daga ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a tabarma har ya tashi, ya fita da baya. Sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko wata Azumin daban ce sai ya ce mai sunan Inna. Ita ma haka take, in ta hango shi daga nesa sai ta ja mayafi ta shige gidan da ya fi kusa. 'Yan uwan Asama'u haifaffun Legas suna yi musu dariya, suna cewa mutum biyu sun ɗauko ƙauye a ka sun kawo birni. Shi dai ya san muryarta, ya san lallen ƙafarta, ya san ɗanɗanon wainarta da ake aiko masa kowace Juma'a. Bayan wannan bai san komai nata ba.

Ana nan sai aka ƙaddamar da sabon shirin tsaftace unguwanni. Aka yi taro da rumfuna da lasifika, aka raba riguna masu ruwan ganye, aka kafa alluna a lunguna cewa nan za a ajiye kwandon shara. Allunan sun iso, kwandunan suna hanya. Abin da ya iso da wuri shi ne dubagari, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole, da jan zare na zagaye wuri da takardar liƙawa. A cikinsu akwai wata mata, Nendirmwa, 'yar Filato da aure ya kawo Legas, an haɗa ta da ayarin ne don tana jin Hausa. Ita ta fara karanta wa abokan aikinta abin da ke bango, don nishaɗi kawai. Su kuwa suka ga ai ga aiki an sauƙaƙe musu. Aka ɗauki hoton zanen bayan wani mahauci, aka zagaya ana tambaya, kafin la'asar an zagaye teburinsa da jan zare. Bayan kwana kaɗan mai wankin babur ya bi sahu.

Daga nan unguwa ta sauya wa Abdulbaƙi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya daina gaishe shi. Sai dai ba mai yarda ya ba shi baya. In kun gama magana, sai mutum ya riƙa ja da baya yana murmushi kamar mai barin gaban sarki, har ya sha kwana. Talle mai shayi, abokinsa tun zamanin Apapa, ya juya teburinsa don kada ya riƙa juya masa ƙeya in zai ɗauko madara. A masallaci aka fara tura shi sahun farko, wai girmamawa. Da farko ya ɗauka wasa ne. Ranar da wani tsohon ɗan dako ya ja da baya har ƙafarsa ta zurma kwata, ranar ya daina ɗaukarsa wasa.

Ya tari Nendirmwa a bakin gidan wanka ya ce mata bangonsa ba ofishin ƙara ba ne, tsakaninsa da mutanensa ne, a yi dariya a ji kunya a gyara. Ya nuna mata ƙaton da ke zaune a maƙogwaron kwata, ya ce in aiki suke so ga aiki nan. Ta dubi zanen ta daɗe. Ta ce da Hausarta ta Jos, ta rubuta kan shagunan nan har hannunta ya gaji, duk rahoton da ya hau sama ba ya saukowa, amma kowane mako oga sai ya tambayi wurare nawa aka rufe. Ta ce ita ma gidan da take haya ruwa na shiga. Suka tsaya su biyu suna kallon wata roba da ke juyi a kan ruwa ba ta gaba ba ta baya. Ranar ya yi wa kansa alkawari ya gama da zana ƙananan mutane.

Alkawarin bai yi nisa ba. Wata safiya bayan ruwan sama, hanyar da ya saba bi daga masallaci ta cika, ya ratsa ta wani siririn lungu a bayan injin niƙa wanda bai cika bi ba. A gabansa ya hango wata tsohuwa ta ba shi baya, bokiti na rinjayarta. Ta tsaya daidai ƙarƙashin allon nan mai cewa nan za a ajiye kwandon shara, ta dubi dama ta dubi hagu, ta tuttule abin da ke ciki a kwata, ruwan wankin shinkafa da toka da ɓawon albasa. Sannan ta dafa ƙugu ta miƙe a hankali. Kafaɗarta ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama, irin ta wadda ta shekara da shekaru tana ɗaukar nauyi da hannu ɗaya. Ɗaurin ɗankwalinta ya zame gefe. Mariƙin bokitin waya ce aka murɗa. Abdulbaƙi ya ji hannunsa na ƙaiƙayi irin yadda ya daɗe bai yi ba. Wannan ai ba tsohuwar zai zana ba, in ji shi a ransa, allon zai zana, da kwandon da babu. Ita shaida ce kawai.

Kafin azahar ya gama. Bai taɓa zanen da ya fito masa kamar wannan ba. Tsohuwa da bokiti, allo a samanta, gabanta ba komai sai kwata, a ƙasa ya rubuta, “To ina za ta kai?” Ya sauko daga tsani ya ja gefe yana jiran dariya, ko tsaki, ko wani abu. Mutane suka taru kamar yadda suka saba. Sai dai ba wanda ya yi dariya. Wannan ya dubi bango ya dubi Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai, wancan ya ja hannun matarsa suka wuce. Ya je wurin Talle ya ce ya ka gani. Talle ya ce shayi ya ƙare, alhali ga butar tana tafasa.

Da yamma yana wanke buroshi a tsakar gida Asama'u ta shigo, mayafi a hannu ba a ka ba. Ta tsaya a kansa.

“Baban Nazifa, wa ka zana yau?”

“Wata tsohuwa ce, a lungun bayan injin niƙa. Ban san ta ba.”

“Ba ka san ta ba.”

“Ko fuskarta ban gani ba.”

“Lungun bayan injin niƙa, ina ya ɓulle?” Shi bai taɓa bin sa har ƙarshe ba. Ta ce, “Bayan rumfar Inna ya ɓulle. Duk Agege an gane ta, har Iya mai gurasa da ba ta jin Hausa. Kai kaɗai.”

Ashe tun kafin la'asar wole-wole sun je. Ba su sha wahalar tambaya ba, bokitin mai mariƙin waya yana nan a gindin murhu. Suka zagaye rumfar da jan zare, suka liƙa takarda, suka ɗauke tanda suka jefa a bayan mota, ƙullun da ya rage aka bar shi yana kumbura a roba. Mutumin da ya san ƙeyar kowa a unguwa, daga kansila har mai gyaran takalmi, ƙeya ɗaya ce kunya ta hana shi sani, ita kuma ya ɗora a bango.

Washegari da sassafe ya shafe zanen, amma an riga an ɗauka a waya, yana ta yawo. Ya nemi Nendirmwa. Ta rantse ba ta cikin waɗanda suka je, ranar tana Iyana Ipaja, da tana nan da ta san yadda za ta kawar da kansu. Ta ce yanzu magana ta wuce hannunta, ba mai cire zaren nan sai shugaban kwamitin tsafta na unguwa. Shugaban kwamiti kuwa ba kowa ba ne illa kansila.

Kafin ya je can, sai da ya je inda ya fi masa wuya. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin Inna Azumi ya durƙusa, labule a tsakaninsu, Asama'u na ciki. Ya gaishe ta, ta amsa. Ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi gwiwarsa, ta ce ruwan bana da yawa. Ya ce da yawa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri ya rasa ta inda zai kamo, domin ba da haƙurin yana nufin ya faɗa da bakinsa cewa ya tsaya ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Ita ma ba za ta iya tayar da zancen ba. Suka yi ta jan gaisuwa har ta tsinke. Sai da ya yunƙura zai tashi ya ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba da shi ba, da 'yarta.

“An nuna min a waya. Ki ce masa ashe haka na ranƙwafa. Ni ban sani ba.”

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Kwanaki suka yi ta wucewa rumfa a rufe. Asama'u ta kai mata abinci ta dawo da shi kusan yadda ta kai. Ta ce Inna tana tashi da asuba kamar kullum, ta jiƙa shinkafa, sai ta tuna, ta zauna tana kallonta. Masu sayen waina, 'yan dakon da ke sammakon kasuwar Mile 12 da direbobin danfo, sun fara komawa wurin wata mai ƙosai a bakin titi, kuma kowa ya san ciniki in ya saba da wata ƙofa ba ya saurin dawowa. A gida Asama'u ba ta ɗaga murya ba. Tana zuba masa tuwo, tana kai masa ruwan wanka, tana amsa abin da ya tambaya. Iyakarta ke nan.

Kansila ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi, ya ce Mai Ƙeya mutumina, yau kai ne a ofishinmu. Har ya tashi ya juya masa baya, ya shafa wuyansa, ya ce a duba da kyau, zanen bara an ƙara masa ninki ɗaya da ba nasa ba. Mutanen ofis suka yi dariya. Abdulbaƙi ya yi nasa murmushin ya faɗi abin da ya kawo shi. Kansila ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, tsohuwa uwar kowa ce, gobe-goben nan za a cire zare a mayar mata da tandarta. Sai dai shi ma yana da 'yar buƙata. Manyan baƙi za su zo duba yadda shirin ke tafiya, kuma bangon nan shi ne abin da ido ke fara sauka a kai. Kwamiti na so a shafe shi fari, a rubuta saƙon tsafta da manyan baƙaƙe cikin harsuna uku, a bar shi haka. Ya riga ya yi magana da Alhaji Ɗahiru, wanda shi ma ramin gidan wankansa yana da 'yar magana a gaban kwamiti, kuma Alhaji bai ƙi ba. Wa ya fi dacewa da aikin in ba mai bangon ba?

Abdulbaƙi ya tambaya, in baƙi sun tafi fa? Kansila ya ce a bar shi haka, ai ya faɗa.

Bai ce zai yi shawara ba. Wa zai yi shawara da shi? Ya dubi kwalbar lemon da bai sha ba, ya ce a aiko da fenti.

Shi ya shafe da hannunsa. Ya fara daga gefen motar shara, ya bi ta kan sauro mai babbar riga, ya zo kan ƙaton da ke zaune a maƙogwaron kwata. Ya ɗauka zai ji wani abu mai zafi, sai ya ji ba komai sai ciwon kafaɗa da nauyin tsani. Fentin da kwamiti ya aiko an tsinka shi da ruwa har ya zama kamar kunun da aka yi wa baƙi da yawa, sai da ya bi kowane wuri ya sake bi. Talle ya kawo masa shayi har gindin tsani, ya tsaya yana kallo, ya ce yanzu dai mutum zai iya sosa ƙeyarsa a unguwar nan cikin kwanciyar hankali. Da zai koma ya juya masa baya sosai ya tafi, kamar da. Nendirmwa ta wuce da ayarinta, ta ɗaga masa hannu ba ta tsaya ba. Ya ja layi da zare ya rubuta abin da aka ba shi, a tsaftace muhalli, a zuba shara a kwando. Baƙaƙen sun fito daidai, ba karkata. Aikinsa ne.

Kansila ya cika wannan alkawarin, a faɗi gaskiya. Aka cire zare, tanda ta dawo da ɗan tsagu a gefe, hayaƙi ya sake tashi a bakin lungun Inna Azumi. Wasu masu saye sun dawo, wasu sun zauna wurin mai ƙosai. Baƙi suka zo suka tsaya a gaban farin bango aka ɗauki hoto, an share gabansa tsaf, an yayyafa wa kwatar magani don wari. Shagunan bakin rafi suna nan, an ma ƙara musu bene.

Saura abu ɗaya da ba wanda ya yi maganarsa a ofis. Mai toya waina dole ta wanke shinkafa, dole ta kwashe toka, kuma kwandon yana hanya har yanzu. In aka sake kama ta ba sauran bangon da za a bayar. Asama'u ta ce ita za ta riƙa zuwa tana kai bokitin nesa ta zubar, ya ce a'a, tana da nata aikin. Ba a zauna an tsara ba, ba wanda ya aika wa wani. Kawai dai wata safiya bokitin ya bayyana a bakin lungun bayan injin niƙa, cike, an rufe shi da tsohon faranti, ba kowa a kusa. Abdulbaƙi ya fito daga masallaci ya ɗauka. Wurin da ruwa ke gudu da gaske yana can hayin layin dogo, tafiya ce mai ɗan nisa ga mai ciwon gwiwa, ga okada na fantsama masa taɓo. Ya juye, ya ɗauraye a famfon masu wankin mota, ya dawo da shi inda ya same shi, ya yi gyaran murya sau ɗaya ya bar wurin ba tare da ya waiga ba.

Haka ake yi har yau. Wayar mariƙin tana cin tafin hannu, ya naɗe ta da tsumma. In damina ta yi ƙarfi yakan tsaya a tsakiyar hanya ya ajiye, ya canza hannu, ya jira numfashinsa ya dawo, sannan ya ci gaba.